Burjin da Na Zuba a Ƙofar Gidanmu

Kwanakin baya na ji ana hira a rediyo, wai a manyan birane an fara gyara titunan tsakiyar gari domin masu tafiya a ƙasa su sake. Mai maganar yana ta zuba kamar shi ya ƙago abin. Na miƙa hannu na kashe rediyon. Maganar ba ta da laifi, sai dai ni na riga shi yin ta tun ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a Tambuwal, kuma har yau in na tuna abin da ta jawo mini sai abinci ya fita raina.

Gidanmu yana kan hanyar da ta shigo gari daga kudu ta nufi kasuwa. Hanya ce ta rairayi mai laushi, tana lanƙwasa duk inda kakan wani ya ga dama ya ja katangarsa. Kowace ƙofa da dakalinta. Da safe mutane su bi gefen gabas don inuwar katanga tana can, da la'asar su koma gefen yamma, ba tare da wani ya tsara musu haka ba. Ba zan yi mata kwalliyar da ba ta da ita ba. Da damina caɓi ne har idon sawu, ruwan rariyar gidaje ya haɗu da kashin jakai, mai farar riga sai ya tattare ta har gwiwa. Amma wata takwas a shekara, in ka taka ta da ƙafa ba takalmi, sai ka ji kamar ana yi maka tausa.

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar cediya, a gindinta kuma randar Inna. An binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe bakinta da faifai, an ɗora moɗa a kai. Tun mahaifina yana da rai Inna take cika ta don masu wucewa. Da ya rasu, ita kuma girma ya kama ta har ta kai ga zama a bakin zaure ba mai cewa komai, sai randar ta zama aikinta na yini. Ita take jan ruwan da kanta daga rijiyar cikin gida. Ba ta yarda wani ya wanke moɗar ba, wai hannun kowa da irin warinsa.

Inna 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ta Tambuwal. A ɗakinsu su bakwai aka haifa, mutuwa ta yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya har ya rage ita da autarsu, wadda muke kira Inna ƙarama, tana can Kebbe. Tsakanin garuruwan nan biyu tafiyar yini ce cur ga mai ƙarfin ƙafa, saboda haka sukan yi shekara biyu ko uku ba su sa juna a ido ba. Duk da haka ba wadda za ta yi ciwon kai ɗayar ba ta sani ba. Ba su iya boko ba, ba su taɓa aika wasiƙa ba. Randa ce gidan wayarsu.

Ga yadda abin yake. Duk jajibirin kasuwa mutanen Kebbe da ƙauyukanta sukan taso tun asuba, da jakunansu da busasshen kifi da shinkafa da tabarmi, matan Fulani da ƙorensu na man shanu, su shigo Tambuwal da la'asar maƙoshi ya bushe. Randar farko da za su tarar ta Inna ce, kuma ba wanda yake wuce ta. Don haka Inna ƙarama ba ta neman wani takamaiman ɗan aike. Fita kawai take yi bakin hanya lokacin da ayari yake tashi, ta ɗaga murya ta ce, in kun biya wurin mai randa ku ce mata kaza. Mutum ashirin za su ji. Da la'asar biyar daga cikinsu za su faɗa, kowa da irin ƙarin gishirinsa, Inna ta tace ta fitar da gaskiyar. Bayan an ci kasuwa su biyo ta nan su karɓi amsa, wani lokaci har da ƙullin goro ko kuka. Shekara talatin ana haka, sallahu, wato saƙonsu na baki, bai taɓa kwana a hanya ba.

A cikinsu akwai wani tsoho mai kifi da jakinsa guda, baƙi, mai taurin kai irin na ubangidansa. Shi ne ya fi kowa daɗewa a dakali. Zai sha moɗa biyu, ya zuba ta uku a ƙafafunsa da suka yi faso kamar bakin tafki da rani, sannan ya fara jero wa Inna wanda ya haihu da wanda ya mutu da wanda gonarsa ta yi kyau. Ni a lokacin haushinsa nake ji, don in ya tashi sai dakalin ya kwana yana ƙarnin kifi.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Wanga yaro take ce mini. Da na gama makaranta na sami aiki a ofishin da ke kula da hanyoyi, sai ta sauya mini suna zuwa malamin hanya, tana faɗa tana taɓe baki. Da albashin farko na sayi takalmi sau ciki, baƙi, mai igiya. Na faɗi wannan ne don a nan ɓarnar ta fara, ko da yake ban sani ba sai da aka yi nisa. Har na kai shekara ashirin ƙafata a ƙasa take kamar ta kowa. Cikin shekara biyu kacal da takalmin nan tafin ƙafata ya yi laushi, kaina kuma ya manta abin da ƙasa take yi wa mai taka ta.

Shekarar da za a karɓi mulkin kai, kowane gari yana son ya fito fes. Ga kuma manyan motoci sun fara ratso gari su shiga kasuwa. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta matse wata mata mai tallar fura a jikin katanga, Allah ya kiyaye, ƙwaryar ce kawai ta fashe. Mai gidana a wurin aiki, mutumin kirki ne wanda ya je kwas ya dawo da takardu fal jaka, ya kira ni ya shimfiɗa zane a tebur. Za a miƙar da hanyar kudu, a faɗaɗa ta. Tsakiya ta mota ce. Gefe da gefe kuma a ware wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu ta kansu, a jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa, a haƙa lambatu don ruwa, a dasa dogon yaro a layi. Ya ce wannan aiki na talaka ne, don mai ƙafa ya yi tafiyarsa ba fargaba. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, ni ma da zuciya ɗaya na karɓa.

Takardar ba ta ce ga abin da za a shimfiɗa a gefen masu ƙafa ba. Cewa kawai ta yi a ƙarfafa wurin kada ya yi caɓi. Ni ne, da bakina, na ce, ranka ya daɗe, tunda za a zuba burji a tsakiya, me zai hana a zuba har gefe, gari ya yi ja baki ɗaya? Burji ita ce jar tsakuwar nan da ake haƙowa a bayan gari. Ya dube ni ya ce kaina yana ja. Mu biyar ne a ɗakin nan ranar, kuma da wani ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur da ya ga takalmi ƙafa goma. Ba wanda ya sunkuya.

Ranar da muka zo ja igiya da kafa turaku, layin ya bi ta tsakiyar cediyarmu ya yanke rabin dakali. Na iya karkatar da shi taku biyu, ba wanda zai tambaye ni. Amma na riga na sa an rushe dakalan mutane goma sha, ina tsoron a ce malamin hanya ya tsallake gidan ubansa. Inna ta fito da moɗa a hannu ta tsaya tana kallon turken.

"Malamin hanya, mi kaka yi da turaku ƙofar gidan ubanka?"

"Gyara za a yi, Inna. Don mutanenki masu ƙafa za a yi shi."

"Su sunka ce maka hanyar ta ɓaci?"

"Ba sai sun faɗi ba. In an gama za ki gani."

"To, Allah shi sa mu gani," ta ce, ta koma ciki.

Kwana biyu masu gatari suka yi kafin cediyar ta faɗi. Inna ba ta fito ba sai da aka kwashe rassan. Ta sa aka tono randar aka matsar da ita jikin zaure, ta kafa mata 'yar rumfa ta zana. Na kawo dashen dogon yaro wanda bai wuce gwiwata ba, na dasa a gefen ramin cediyar, na kewaye shi da ƙaya. Na ce mata nan da 'yan shekaru zai yi inuwar da ta fi waccan. Ta ce, "Kai ka zauna ka jira ta."

Leburori suka yi ta jidar burji a kwanon sarki, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Da aka gama, gaskiya ta yi kyau a ido. In ka tsaya a bakin gari sai ka hango kasuwa, ja shar, ga fararen duwatsu a jere hagu da dama. Ranar bikin mulkin kai manyan baƙi suka bi ta kanta a mota, 'yan makaranta suna ɗaga tutoci a gefe suna ɗaɗɗaga ƙafa kamar kaji a kan garwashi, ni kuwa na ɗauka murna ce. Wani babba ya sauko ya miƙa mini hannu a gaban jama'a. Ranar na yi barci da girman kai.

Abin da ban lissafa ba, ruwan ƙarshen damina ya riga ya wanke lallausar ƙasar da ta riƙe burjin ya zuba ta a lambatu. Abin da ya rage a sama tsakuwa ce zalla mai baki kamar haƙoran zarto. Cediya babu, katangu an ja da su baya, inuwarsu ba ta kaiwa inda aka ce mutane su bi. Kafin azahar tsakuwar ta ɗauki zafin da za ta gasa gurasa. Mai faso a dunduniya kuwa, ƙananan su shige cikin tsagar, sai ya zauna ya sa tsinke ya ciro. Mutane suka fara tsallake lambatu suna bin jikin katanga inda ɗan yashi ya rage. Muka ce wannan rashin wayewa ne, muka roƙi a ba mu ɗan doka ya riƙa mayar da su kan hanyar da aka yi dominsu. Jakai kuma aka ce ba su da hurumi a gefen mutane, su bi tsakiya tare da mota.

Wata la'asar na dawo daga aiki ina ƙorafi, ina cewa mutanenmu ba su san abin arziki ba, an yi musu gata suna gudu. Inna tana zaune a bakin zaure tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Tuɓe takalman ga ka taka daga nan zuwa masallaci, ka komo, sannan mu yi magana." Na yi dariya. Na ce ƙafa za ta saba, kuma ai zamani ya zo da kowa zai sa takalmi. Ta ce, "Kafin zamanin shi zaka, da mi za su taka?" Na shige ciki na bar ta da wakenta, ina ganin tsufa ne kawai.

Mutanen Kebbe ba su yi gardama da kowa ba, ba su kai ƙara wurin kowa ba. Mutumin da ya yini yana tafiya ba ya da ƙarfin jayayya da ɗan doka. Akwai burtali da ya zagaya ta bayan gari, inda Fulani suke koro shanu, ya ɓulla ta bayan kasuwa. Ya fi nisa kaɗan, amma yashi ne, kuma akwai wata rijiya a bakinsa. Farko mutum biyu uku suka bi. Kafin kaka ta wuce ayarin gaba ɗaya ya koma can. Tsoho mai kifi ya fi kowa naci, sai da ɗan doka ya zane masa jaki a gabana don ya hau gefen mutane. Ina tsaye da littafina a hannu. Tsohon ya dube ni, ni kuma na dubi littafin. Daga ranar shi ma ya bi burtali.

Inna ba ta daina cika randa ba. Kullum da hantsi ta ja ruwa, ta wanke moɗa, ta zauna. Jajibirin kasuwa takan yi wanka da wuri ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ƙulla goron da za ta aika. Ta zauna har rana ta yi ja tana kallon kudu. Wani lokaci baƙon da bai san gari ba ya tsaya ya sha. Da magariba ta kwashe ruwan da ya rage ta zuba wa dogon yaron nan nawa, don ba ta yarda ruwa ya kwana a randa. Duk layin ba dashen da ya kai nata girma, har mai gidana ya yaba, ya ce a yi koyi da gidan malamin hanya.

Sau da yawa ta ce mini, tunda ƙafata tana da kariya, in leƙa kasuwa in tambayo mata mutanen Kebbe. Na je sau biyu. Na dawo da lafiya lau, kowa yana gaishe ki. Daga nan sai na fara jin nauyi. Ma'aikaci kamata, da wando da alƙalami a aljihu, ya riƙa kutsawa cikin masu jakai yana tambayar wa ya zo daga Kebbe? Kuma gaskiyar da ban faɗa mata ba, ba na son haɗa ido da tsohon nan. Sai in ce aiki ya yi yawa, ko in ce na je ban tarar da su ba. Ita kuwa gwiwoyinta ba za su kai ta kasuwa a kan tsakuwar nan ba. Haka rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta.

Ranar da abin ya faru ina gida, don ranar hutu ce ta faɗo a kan kasuwa. Bayan azahar, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka burjin, na hango mutum yana tahowa daga wajen kasuwa. Yana taku ɗaya ya tsaya, ya dogara sanda, ya sake taku. Sai da ya matso na gane tsoho mai kifi ne, ba ya tare da jakinsa. Inna ta miƙe da sauri har faifan randa ya faɗi. Fuskarta ta yi hasken da na daɗe ban gani ba. Ta cika moɗa ta miƙa masa tana cewa, "Lale, lale, yau wace rana! Ashe kuna tuna mu?"

Bai karɓi ruwan ba. Ya durƙusa a bakin zaure, ya shafa fatiha, ya ce, "Mai randa, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta."

Inna ta tsaya da moɗa a hannu. Ta ce, "Haƙurin mi?"

Tsohon ya ɗago ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Subhanallahi. Ashe ba a gaya miki ba?"

"Mi za a gaya min?"

"Ƙanwarki. Yau kwana fuɗu da anka kai ta."

Ruwan ya fara zuba daga moɗar a kan ƙafarta, ba ta ma sani ba. Ta ce, "Ba ta yi ciwo ba?"

"Ta yi, mai randa. Ta jima kwance. Kasuwa ukku a jere matar ɗanta na fitowa bakin hanya tana faɗi, in kun biya wurin mai randa ku ce ƙanwarta na kwance, tana son ganin ta. Ni kaina na jiya da kunnena. Nic ce cikin mutane ashirin ai wani ya biya. Kowa haka yac ce. Da munka ga ba ki zaka ba, munka ɗauka ƙafa ta hana ki."

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a kan guntun dakalin da na bar mata, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau uku, sannan ta sake cika moɗar ta ce wa tsohon, "Sha, ka sha rana." Ya sha. Ta cika wata ta zuba masa a ƙafa da hannunta. Ruwan da ya gangaro ja ne, kuma ba duka ba ne jan burji. Ni ina tsaye a bayansu kamar an dasa ni. Da ta zage ni, da ta ɗaga hannu ta mare ni a gaban baƙo, da na ji sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba.

Washegari da sassafe ta fito da ƙunshinta. Na ce ta jira in nemo mata jaki ko in roƙi motar ofis ta rage mana hanya. Ta ce, "Zumunta a ƙafa take. Tunda ban kai mata ita tana da rai ba, bari in kai mata yanzu." Ta sa ƙafa a kan burjin. Na ga yadda ta ɗage kafaɗa, yadda take neman inda za ta aza dunduniya, tsohuwa mai shekara hamsin da wani abu. Ban san lokacin da na sunkuya na kwance igiyar takalmina ba. Na rataya su a wuya na bi ta. Ban kai taku talatin ba hawaye ya cika mini ido, tun rana ba ta ma fito ta gasa tsakuwar ba. Daga ƙofarmu zuwa bakin gari, inda aikina ya ƙare yashin Allah ya fara, ban taɓa sanin akwai nisa haka ba. Inna ta waiwayo sau ɗaya ta ga ƙafafuna, ta juya ta ci gaba.

Sai da muka kwana a wani ƙauye a hanya, don ƙarfinta bai kai na yini guda ba. A Kebbe matar ɗan marigayiyar ta tarbe mu da kuka. Ba da mugun nufi ba ta ba mu labarin, ita a ganinta ta'aziyya take yi. Ta ce duk ranar da 'yan kasuwa suke dawowa, Inna ƙarama takan sa a jingina ta a bakin ɗaki tana fuskantar ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai ta ce, ita ta? A kasuwa ta uku ta daina tambaya. Cewa kawai ta yi, Yaya ba ta taɓa ƙin amsa ni ba, ko dai ita ma tana kwance ne ana ɓoye min. Ta mutu tana yi wa Inna addu'ar samun sauƙi. Aka ɗauko wani ƙullin daddawa da ta yi tun kafin ta kwanta, ta ce a ajiye wa mai randa. Inna ta karɓa ta sa a cikin zanenta. Ni na fita bayan gida, don ɗakin ya yi mini ƙunci.

Da muka dawo na shiga wurin mai gidana na faɗa masa komai. Ya dubi ƙafafunsa, ya yi mini ta'aziyya. Ya ce aikin an riga an karɓe shi an yaba, ba a tono shi, amma zai sa a janye ɗan doka, kuma ya janye. Ni kuma na nemi masu jakai suka yi ta jido yashi daga rafi, muka shimfiɗa a gefen masu ƙafa tun daga bakin gari har kasuwa. Na shiga kasuwar da kaina, cikin masu jakan da nake jin nauyinsu, na bi su ɗaya ɗaya ina cewa an gyara, su dawo. Suka yi mini godiya irin wadda ake yi wa yaro. Kaɗan suka gwada. Ruwan farko na damina ya kwashe yashin ya cika lambatu da shi, tsakuwar ta sake fitowa. Su kuwa sun riga sun saba da burtali da rijiyarsa, har masu fura sun kafa rumfuna a can.

Ban haƙura ba. Na ce in damina ta wuce zan sake zubawa, in ya so kowace shekara in zuba. Da yammar da na zo in faɗa wa Inna haka, na tarar da ita a ƙofar gida ta tono randar da kanta. Ta wanke ta ciki da waje, ta zuba wa dogon yaron ruwan ƙarshe, tana ƙoƙarin kifa ta a jikin zaure, nauyi ya fi ƙarfinta. Na ce, Inna, don Allah ki bari, na yi miki alkawari zan dawo da su, ko zan kwashe burjin nan da hannuna.

Ta ce, "Na sani, wanga yaro. Kana iyawa." Tun da na fara aiki ba ta kira ni haka ba sai ranar. Ta share hannunta a zane, ta dubi kudu, ta ce, "To in sun komo, sallahun wa za su kawo min?"

Ta ce in kama mata. Na kama gefe guda, ta kama gefe guda, muka kife ta.